Tarihin Tsara Kano Da Kewayenta: Darasi Ga Gummi, Bukkuyum Da Anka

  

Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna ranar da malaminmu na labarin ƙasa ya zana Gulbin Zamfara a kan allo, tun daga gabas har ya sauke shi yamma. Ya ɗiga Anka, ya ɗiga Bukkuyum, ya ɗiga Gummi, sannan ya miƙa mana alli ya ce wani ya fito ya nuna masa inda ruwan Anka ya ƙare na Bukkuyum ya fara. Muka yi ta dariya, muna tsammanin raha ce irin tasa. Ni dai ban fahimci abin da yake nufi ba sai a watan Agustan 2024, lokacin da ambaliya ta shiga garin Gummi ta raba dubban mutane da gidajensu. Cikin waɗanda suka kwashe iyali suka koma makarantar firamare har da ƙanen mahaifina. Ruwan da ya rusa masa ɗaki biyu ba a unguwarsu kaɗai aka yi shi ba, wani ya yi tafiyar kwana da kwanaki kafin ya iso.

Wannan ne ya sa da kwamitin mujallarmu ya nemi in yi rubutu a kan tarihi, na zaɓi in kawo tarihin yadda birnin Kano da unguwannin da ke kewaye da shi suka yi ƙoƙarin tsara girmansu tare, inda suka dace da inda aka samu saɓani. A Kano na yi karatun jami'a, kuma abin da na gani a can na fara hango alamunsa a gida.

Yadda Kano Ta Zama Garuruwa Cikin Gari

Kafin zuwan Turawa, Kano gari ɗaya ce cikin ganuwa, da gonaki da kududdufai a ciki, sai Fagge a waje, wato zangon fatake da Buzaye. Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Daga nan ciniki ya buɗe, musamman na gyaɗa da ƙiraga, baƙi suka yi ta kwarara. Aka kafa Sabon Gari saboda ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, Turawa suka zauna a Nassarawa, sannan unguwanni irin su Tudun Wada da Gwagwarwa suka taso.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan wurare ba hukuma ɗaya ke mulkinsu ba. Cikin birni yana hannun Sarki da En'e, yankin Turawa da kantuna da tashar jirgi kuwa yana hannun wani Bature na daban, da dokokinsa na gini da na tsafta. Sabon Gari ma sai a 1940 aka mayar da shi ƙarƙashin En'e. Ƙauyukan da ke bayan waɗannan kuma suna hannun hakimansu, kamar na Ungogo da Kumbotso. Ke nan mutum zai kwana a ƙasar wani hakimi, ya yi aiki a yankin Bature, ya sayi cefane a ƙasar En'e, duk a yini ɗaya. Amma hanyar da yake bi da lambatun da yake tsallakewa babu wanda zai ce nasa ne daga farko har ƙarshe.

Shirin Shekara 20

A 1946 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar tsara birane da karkara, wadda ta ba da damar a keɓe yanki a ce wannan yankin tsari ne, a naɗa masa hukuma. Bayan samun 'yancin kai, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka kafa hukuma guda da za ta tsara Kano da kewayenta baki ɗaya. Wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranci aikin, aka fitar da shirin raya Kano na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka buga shi littafi a 1966.

Muhimmancin wannan shiri ba a kyan taswirarsa yake ba. Muhimmancinsa shi ne an ɗauki cikin birni da waje da ƙauyukan gefe a matsayin jiki ɗaya. An zauna an yi tunanin inda masana'antu za su kasance, inda za a yi gidaje, inda manyan hanyoyi za su ratsa, tun ƙauyukan nan suna gonakin dawa da gero. Ice kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To sai dai zamani bai jira shirin ba. A shekarar da aka buga shi aka yi juyin mulki har sau biyu. A 1967 aka rushe Jihar Arewa, Kano ta zama jiha mai cin gashin kanta a ƙarƙashin Audu Bako, yaƙin basasa kuma ya ɓarke har zuwa 1970. Bayansa kuɗin man fetur suka shigo, sannan farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya koro mutanen karkara zuwa birni. A ƙidayar 1963 mutanen Kano ba su kai 300,000 ba. A ƙidayar 2006 kuwa, ƙananan hukumomin da suka haɗu suka yi birnin sun haura mutum miliyan 2.8. Ko da yake faɗin ƙasar da aka ƙirga a lokutan biyu ba ɗaya ba ne, wannan bambanci da kansa shi ne labarin, domin garin ne ya tashi ya haɗiye maƙwabtansa.

Rarrabuwa Da Awon Igiya

Abubuwa biyu suka ƙara dagula lissafi. Na farko shi ne yawan ƙirƙiro ƙananan hukumomi. A gyaran 1976 Nijeriya na da 301, aka yi ƙari a 1989 da 1991, a 1996 kuma suka kai 774. Ta haka Kano ta wayi gari tana cikin ƙananan hukumomi 8, wato Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kowace da shugabanta da kasafinta da abin da ya dame ta.

Na biyu shi ne dokar mallakar ƙasa ta 1978. Wannan doka ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsu. A takarda abin ya fito sarai. Amma gonar da ke bakin gari fa, wadda bana ake noma ta, baɗi a kafa mata harsashi, ta birni ce ko ta karkara? Ta wannan tsaga ce ƙadangare ya samu wurin shiga. Mai gona ya ga an matso shi da gini, sai ya kira dillali, a ɗauko igiya a yanyanka gonar fuloti-fuloti, mai unguwa ya shaida, a biya kuɗi. Shi ne abin da Kanawa ke kira awon igiya. Tun da kowane taku kuɗi ne, ba mai son ya bar wa hanya faɗi, balle a yi maganar filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta.

Ba laifin talaka ba ne, domin dole ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa. Hukumar tsara birnin ma ba ta mutu ba, ta dai sake suna sau da dama, ta zama KASEPPA, daga baya KNUPDA, kuma wannan gado ne mai kyau da shirin 1963 ya bari. Illa iyaka gari ya fi tsari sauri. Duk wanda ya san Kano ya san bambancin unguwar da aka auna kafin mutane su sauka da wadda aka gina sannan aka nemi a gyara. Ta farko mota na shiga har ƙofar gida. Ta biyu kuwa, in gobara ta tashi sai dai a yi da bokiti, in an tashi fitar da hanya kuma sai an rusa gidajen mutane an biya diyya mai yawa.

Ruwa shi ya fi kowa tona wannan asiri. Kogin Jakara yana ratsa cikin birni, ya wuce ta Fagge da sauran unguwanni, ya haɗu da ruwan Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, ya tafi har madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Abin da aka zuba a sama, manomin rani na ƙasa shi ke ban ruwa da shi. Ni kaina lokacin da nake ɗalibi na yi haya a wata unguwa ta bayan gari, inda aka gina lambatu mai kyau na siminti, amma ya tsaya cak daidai inda iyakar ƙaramar hukuma ɗaya ta ƙare. Duk damina ruwan unguwa guda sai ya taru ya juye wa ta gaba. Waɗanda suka gina sun yi aikinsu, waɗanda ba su gina ba kuma suka ce ba ruwansu ba ne. Kowa da gaskiyarsa, mu kuwa da katifunmu a kan katanga.

Wannan matsala ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. A Ingila, an kafa majalisa guda a 1965 don ta haɗa kan unguwanni 32 na birnin Landan. A 1986 gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe ta, aka bar kowace unguwa da kanta. Bayan shekara 14, wato a 2000, suka sake kafa hukuma ɗaya da magajin gari, domin sun ga harkar sufuri da tsarin gini ba sa yiwuwa a rarrabe.

Mu Dawo Gida

Na san wani zai ce, to Malam, ina Kano ina Gummi? Ai tsakanin Gummi da Anka tafiya ce ta mota, ba unguwanni ba ne da suka haɗa katanga. Wannan gaskiya ne. Amma Ungogo da Kumbotso ma a 1963 ƙasar hakimai ce mai gonaki. Bugu da ƙari, abin da ke haɗa garuruwa ba katanga kaɗai ba ce. Gulbi ɗaya muke sha. Hanya ɗaya muke bi, wadda ta taso daga Mayanci ta ratsa Anka ta zo Ɗaki Takwas ta shiga Gummi. Kasuwanninmu juna suke ci, burtalin shanu kuma bai san allon iyaka ba.

Tarihinmu ma na tare ne. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka a ƙarni na 19. Gummi na da Sarkin Mafara, Bukkuyum na da Sarkin Danko. A zamanin Turawa duka ukun suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. A 1967 muka shiga Jihar Arewa Maso Yamma, a 1976 muka koma Jihar Sakkwato, Gummi da Anka suka zama ƙananan hukumomi, daga baya aka fitar da Bukkuyum daga Gummi. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 14. Kowace rabuwa ta kawo gwamnati kusa da jama'a, ta samar da sakatariya da ayyukan yi, ba mai musun wannan. Sai dai an raba ofisoshi, ba a raba gulbi ba.

A ƙidayar 2006, Gummi na da mutum kimanin 204,000, Bukkuyum 211,000, Anka 142,000. In aka haɗa sun haura rabin miliyan, wato sun fi mutanen Kano na lokacin da aka yi mata shirin shekara 20. Tun daga wancan lokaci an hayayyafa, sannan rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka da dama suka dawo cikin manyan garuruwa. Wanda ya baro ƙauyensa da dare ba zai tsaya tambayar ko fili na kan hanyar ruwa ba. Inda ya samu mai araha nan zai gina, mai arahar kuwa galibi shi ne na kwari da bakin fadama.

Abin Da 2010 Ta Koya Mana

Idan akwai abin da ya nuna mana cewa masifa ba ta duba iyaka, to gubar dalma ce. A watan Maris na 2010 likitocin sa-kai na ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyuka. Bincike ya nuna duwatsun zinari da ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarta ta cika tsakar gida da wuraren wasan yara. Abin ya shafi Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Bagega sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa.

Galibi ana kallon wannan a matsayin maganar lafiya, amma a gindinsa maganar tsara wuri ce. Babu wanda ya keɓe inda za a yi dakan dutse da inda za a yi zaman iyali. Dutsen da masu aikin da injinan niƙan suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, in an hana a nan a koma can. Da aka tashi magani kuwa, dole aka ɗauki yankin a matsayin abu ɗaya. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a watan Disambar 2024. Ke nan in ƙura ta lafa, masu neman zinari za su ƙaru, garuruwanmu kuma za su ƙara cika.

Me Ya Kamata A Yi?

Doka ba ta hana mu ba. Dokar tsara birane da yankuna mai lamba 88 ta 1992 ta tanadi hukumar tsari a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Haka kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. In kuɗi suka zo hannu alhali kowa na aikinsa shi kaɗai, to lambatun nan da na ba da labari za mu yi ta ginawa.

A nawa ɗan tunani, abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, ƙananan hukumomin uku su kafa kwamitin haɗin gwiwa na dindindin, da wakilan masarautu uku da na ma'aikatar ƙasa da safiyo ta jiha, ya riƙa zama ko sau 4 ne a shekara. Na biyu, a yi taswira ɗaya ta gulbi da rafukan da ke zuba cikinsa, a shata iyakar inda ruwa ya kai a 2024 tun shaidar tana jikin bango kuma masu gani da ido suna raye, a amince cewa ba a gini a cikinta. Na uku, a kowane gari mai tasowa, da Gummi da Anka da Bukkuyum da Ɗaki Takwas da Nasarawar Burkullu, a fitar da hanyoyi da filin makaranta da kasuwa da maƙabarta da burtali tun wurin yana gona. Na huɗu, a keɓe wuraren sarrafa dutsen zinari nesa da gidaje da rijiyoyi, da doka iri ɗaya a ƙasashen uku. Na biyar, na sama su riƙa sanar da na ƙasa in gulbi ya ciko. Wannan ko sisi ba ya ci in ban da kuɗin kiran waya.

Amma akwai gargaɗi ɗaya, shi ma daga tarihinmu. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, aka tashi manoma daga gonakinsu, rigimar diyya ta kai ga asarar rayuka da dama a 1980. Aikin na raya ƙasa ne, amma an tsara shi daga sama ba tare da an zauna da masu ƙasa ba. Saboda haka duk tsarin da za a yi, sai an sa uwayen ƙasa da masu unguwanni da manoma da makiyaya tun daga farko, wanda za a ce kada ya gina a kwari kuma a nuna masa inda zai gina a tudu.

Namu Rabon

A ƙarshe, 'yan uwa, bari in faɗi wadda ta shafe mu kai tsaye. Su wa ke sayen filayen awon igiya? Mu ne, ma'aikata, da zarar an biya wasu 'yan kuɗaɗe. Ni kaina a 2022 saura kaɗan in biya kuɗin wani fuloti mai araha a bakin fadama, sai wani dattijo maƙwabcin wurin ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, tun ina yaro nan muke kamun kifi." Na ji kunya na janye. Bayan shekara 2 wurin nan sai da kwalekwale.

A cikin wannan ƙungiya akwai safiyo, akwai injiniyoyi, akwai lauyoyi da malaman lafiya, akwai kansiloli da 'ya'yan sarauta, kuma mun fito daga ƙasashen nan uku. Mun kwana ɗaki ɗaya, mun ci tuwo a kwano ɗaya, ba mu taɓa tambayar juna takardar shaidar ƙaramar hukuma ba. Ban san wani zaure da ya fi namu dacewa ya fara haɗa shugabannin nan a tabarma ɗaya ba. Ina ba da shawara a sa wannan batu cikin ajandar taronmu na shekara mai zuwa, a naɗa mutum 6, biyu daga kowace ƙasa, su rubuta takarda a kai wa shugabanni da sarakuna. Hausawa na cewa in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kano ta samu shirinta a 1963 amma zamani ya riga ta. Mu har yanzu yawancin filayen da za a gina nan da shekara 20 gonaki ne.

Ga malaminmu na labarin ƙasa kuwa, in wannan mujalla ta iso hannunsa, ina cewa: Malam, ga amsar tambayarka ta zo, ko da yake a makare. Babu inda ruwan Anka ya ƙare.